Ranar da Gabas Ta Tafi Ta'aziyya

Jiya da rana, tsakanin azahar da la'asar, Zuwaira ta yi wani mafarki a ɗakin mahaifinta, tana zaune a ƙasa, kanta jingine da ƙarfen gadonsa.

Ita malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata a Azare. Mahaifin nata, Alhaji Sidi, shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa babbar mota, yau yana Fatakwal, jibi yana hanyar Agadas, har ciwon suga ya cinye masa idanu. Bai taɓa kuka da duhun ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: mutumin da ya san kowace kwana ta ƙasar nan, yanzu sai ya tambaya kafin ya san inda zai fuskanta ya yi salla. Wata rana aka share ɗakin, aka juya masa dadduma ba da sani ba. Ya yi azahar da la'asar yana kallon kudu, sai da wani baƙo ya shigo ya gaya masa. Ranar bai taɓa tuwo ba.

Sunan mahaifiyarsa Zuwaira ta ci, don haka ba ya kama sunanta. Ya ce, "Uwata, ku da kuke sa ƙarfe ya yi magana, ba kya yi mini abin da zai riƙa gaya mini alƙibla ba? Na gaji da tambaya."

Ta ce, "Sati biyu, Baba."

Kuma ta fara da gaske. Ta sayo 'yar kwamfuta wadda dukkanta a kan faranti ɗaya take, ba ta wuce tafin hannu ba. Ta sayo ƙwayar kamfas, ƙarama kamar farce, mai jin jan maganaɗisun ƙasa. Ta haɗa su da wayoyi huɗu, ta maƙala ƙaramar lasifika, har ta ɗauki muryarta tana cewa, "Baba, dama kaɗan. Baba, hagu kaɗan. Baba, daidai." Abin da ya rage shi ne ta rubuta umarnin da zai sa kwamfutar ta karanta ƙwayar, ta yi lissafi, ta yi magana. Sai jarrabawa ta zo, bayanta gyaran takardu, bayansa wani abin. Sati biyu ya zama wata bakwai. Duk lokacin da ya tambaya sai ta ce gobe, shi kuma ya ce Allah ya kai mu. Wata Laraba ya kwanta da zazzaɓi, ranar Juma'a aka binne shi.

Kwana goma sha tara ke nan da rasuwarsa. Tun da aka watse daga zaman makoki ta kwaso kayan ta shige ɗakinsa, ta baza su kan gado, tana rubutu tana gogewa. Ba wanda ya iya tambayarta wa take yi wa. A Azare alƙibla tana wajen digiri sittin da bakwai daga arewa, amma duk yadda ta saita abin, lambobin da ke fitowa a fuskar kwamfutarta ba sa zama wuri ɗaya: ɗari biyu, goma sha huɗu, ɗari uku da tara. Tana kallon su suna gudu barci ya sace ta.

Sai ta tsinci kanta a wani gari mai koriyar ƙasa, santsi kamar an shafe ta da mai. Titunan garin na tagulla ne, guda huɗu kacal. Biyu abinci ake bi da shi ta kansu. Na uku na magana ne, duk mai son cewa wani abu sai ya hau shi. A na huɗu kuwa wani makaɗi ne zaune da kalangu, yana bugawa ba ya gajiya, kuma dokar garin ita ce kalma ɗaya, bugu ɗaya. Wanda ya yi magana tsakanin bugu biyu, maganarsa sai ta faɗi ƙasa, kaji su tsince.

Rana tana fitowa daga cikin wata rijiya. Inuwar kowa ta kama gabanta, ta wani ta yi nan, ta wani ta yi can, wata ma ta zauna ta ƙi tafiya. A bakin titi wata mata tana suyar ƙosai, tana tsamo shi daga mai yana komawa wake.

Zuwaira ta hau titin magana, ta jira kalangu, ta ce, "Sannu da aiki, Iya. Don Allah ina gabas?"

Matar ta ce, "Ta tafi ta'aziyya."

"Wa ya rasu?"

"Ba a gaya mana ba. Ta dai yafa mayafi ta fita. Je ki ofis."

Ofishin a cikin tukunyar ruwa yake, amma da ta shiga sai ta ga har da fanka. Wata zabuwa ce a bayan tebur, da tabarau a kan baki. Ta tura mata takarda mai tambaya biyu. Ta farko ta ce: tun yaushe aka aike ki? Zuwaira ta rubuta wata bakwai. Ta biyu ta ce: wanda ya aike ki yana jira? Ta riƙe biro ta kasa motsa shi.

Zabuwar ta ce, "Bar wurin haka. Yawanci haka ake barin sa." Ta buga hatimi da ƙafa. "Mu nan ba ma ajiye gabas. Akwai wata tsohuwa a layin baya, ita ke jin inda abubuwa suke. Gidajen layin ɗari da ashirin da bakwai ne, ba mu san nata ba. Ki bi ƙofa ƙofa kina sallama. Inda aka gyaɗa miki kai, nan ne."

Ta bi layin. Gida na ɗaya shiru. Na biyu shiru. A na tara ta tarar da takalma jere a bakin ƙofa, duka na ƙafar hagu. A na goma sha bakwai shayi ne a kan wuta yana ta sanyi. Tana sallama, sallamarta na dawo mata ba a taɓa ta ba. Sai a gida na talatin wani jan gwada ya leƙo ta kan katanga, ya dube ta, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Ɗakin ciki bai kai akwatin ashana ba, duk da haka ta shiga ba ta sunkuya ba. Tsohuwar tana kwance tana barci. A gabanta ƙwarya uku cike da ruwa, kowace da allura tana yawo a kai: ɗaya mai duba gaba da baya, ɗaya mai duba gefe da gefe, ɗaya a tsaye tana duba sama da ƙasa. Zuwaira ta yi gyaran murya, ta taɓa ƙafarta, ba ta motsa ba.

Jan gwada ya ce daga taga, "Ba a tashin ta da baki. Rubuta mata za ki yi. Ki faɗi sau nawa kike so ta yi magana, in ba haka ba ta amsa sau ɗaya ta koma barci."

Zuwaira ta rubuta a tafin hannunta: ki yi ta magana, kada ki daina. Ta sa hannun ƙarƙashin matashin tsohuwar. Tsohuwar ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali.

"'Yar nan, me ya kawo ki?"

"Gabas nake nema, Kaka. Babana ne ya aike ni."

"Ni ban san gabas ba. Arewa kaɗai nake ji, ita ma ba ganin ta nake yi ba, ja na take yi kamar yaro ya kama zanen uwa. Zan ba ki lamba uku, ɗaya daga kowace ƙwarya. Lissafin naki ne. Buɗe hannu."

Bakin tsohuwar ƙarami ne, lamba ba ta iya fitowa gaba ɗaya, sai rabi rabi kamar goro: babban ɓari, sannan ƙaramin ɓari. Wasu lambobin, waɗanda ba su kai sifiri ba, da baya suke fitowa, kansu a ƙasa don kunya. Zuwaira ta tara ɓari shida a cinyarta ta fara haɗawa. Cikin sauri ta ɗora ƙarami a gaba, babba a baya. Da ta buɗe, ba lamba ta gani ba, wata safiyar Litinin ce. Ga ta a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ga Baba zaune kan tabarma ya juyo da kunnensa wajenta. Ta ji kanta tana cewa gobe, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Tsohuwar ta ce, "Kin haɗa a juye. Babba ne gaba."

Ta sake haɗawa. Wannan karon lambobi ne suka fito, ta jera su a ƙasa, ta raba ta gefe da ta gaba, ta ciro kusurwa kamar yadda take koya wa ɗalibanta. Amsar ta tsaya da ƙafafunta ta ce ɗari biyu. Ta yi tari ta ce goma sha huɗu. Sannan ta fashe da kuka ta ce ba ta sani ba.

Zuwaira ta ce, "Kaka, lissafina daidai ne. Me ya sa ba ta zama?"

Tsohuwar ta nuna ƙwaryar. Allurai ukun duk sun taru a gefe ɗaya suna karkarwa. "Akwai mai ja na a kusa, ya fi arewa ƙarfi. Kwana da kwanaki ban huta ba. Je ki ce masa ya sake ni."

Sai ga ta a wata tashar mota da babu fasinja. Duk wani ƙarfe na garin yana rarrafe zuwa tsakiyar tashar, cokula, ƙusoshi, makullai, har da wani keken ɗinki da ke jan ƙafa. Abin da suke nufa gadon Baba ne. An sa masa taya goma sha takwas, an rubuta addu'ar tafiya a jikin allon kai. Baba na zaune a kan katifa riƙe da sitiyari, sanye da shuɗiyar rigar da yake tuƙi da ita tun tana firamare. Idanunsa na nan fari fat kamar yadda ta san su a ƙarshe, amma yana gyara madubi.

Ya ce, "Uwata, ke ce? Na ji tafiyarki. Har yanzu kina jan ƙafar hagu."

Ta duba hannunta, sai ta ga abin a ciki, da wayoyinsa huɗu suna reto. Ta durƙusa. "Baba, na kawo. Amma ya ƙi. Kome na yi sai ya yi ta nuna ko'ina."

"A ina kike gwada shi?"

"A ɗakinka. A kan gadonka."

Ya yi dariyar nan tasa da ba ta fita sai ta hanci. "Ke da ilminki. Gadon nan ƙarfen tsohuwar motata ne, maƙeri na sa ya buga mini shi shekarar da aka haife ki. Ki ɗora mai jin maganaɗisu a kansa, ki ce ya nuna miki Makka? Ai ni zai yi ta nuna miki. Fitar da shi tsakar gida, nesa da ƙofar ƙarfe. Ki ɗaga shi ki juya shi ta kowace fuska, ya san faɗin duniya tukuna. Mota ma sabuwa sai an zaga da ita."

"Ban iya fita daga ɗakin ba, Baba."

"Na sani."

Ruwa ya fara sauka, amma a kansu su biyu kawai, kuma ba ya jiƙa komai sai murya. Daga nesa kalangun ya rage sauri. Zuwaira ta ga in ba ta yi magana yanzu ba, bugun zai ƙare. Ta jira ɗaya ta ce, "Baba." Ta jira na biyu ta ce, "ka." Na ukun bai zo ba. Makaɗin ya ajiye kalangu ya tafi alwala. Kalmar "yafe" ta rage mata, ba bugun da zai ɗauke ta.

Baba ya ce, "Bar shi. Na ji tun kafin a buga." Ya lalubo kanta ya dafa. Hannunsa na warin man inji da lemun tsami. "Wata bakwai kina ce mini gobe, ni kuma ina jin daɗi. Wanda ake ce wa gobe ai ana sa ran ganin sa ne. Likita ma bai ce mini haka ba."

Muryarta ta dawo, ƙarama. "Amma ka tafi ba ka ji shi ya yi magana ba. Yanzu wa ke nuna maka?"

"Ai yayyenki sun gama wannan aikin. Ranar Juma'ar nan suka kwantar da ni a kan dama, suka juya fuskata inda ya kamata, suka gyara da kyau. Tun ranar ban sake tambayar kowa ba."

Sai a lokacin ta lura akwai fasinja ɗaya a bayan gadon, wata doguwar mata lulluɓe da farin mayafi, hasken safiya na ɗigowa daga gefen zanenta. Matar ta ɗago hannu ta ce, "Ya haƙuri?"

Zuwaira ta ce, "Da godiya."

Baba ya ce, "Gabas ce. Ta zo gaisuwa ta rasa motar komawa. Shekara sittin ina neman ta sau biyar a rana, kin ga ba na bar ta a tasha ba. Matsa, in fita da baya. Duba mini."

Ta koma bayan gadon kamar yadda ta sha gani ana yi masa. Kafin ta buɗe baki, abin da ke hannunta ya riga ta, da muryarta, muryar da ta ɗauka tun yana da rai, mai fara'a, wadda ba ta san komai ba tukuna.

"Baba, dama kaɗan."

Ya murɗa sitiyari.

"Baba, hagu kaɗan."

Ya gyara. Tayoyin suka taka cokula da makullai ba ƙara.

"Baba, daidai."

Ya ɗaga hannu ta taga, ko da yake gadon ba shi da taga. Ta kama ƙarfen baya da hannu biyu, ta ce ya tafi da ita ko zuwa Misau ne, ta sauka a hanya. Ya ce motar ba ta tsayawa a Misau. Ƙarfen ya yi ta sirancewa a hannunta har ya zama allura, allurar ta zama sanyi kawai. Tana ji ana buga jikin motar, ƙwas, ƙwas, ƙwas, alamar direba ya tafi.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ta buɗe ido. Wuyanta ya ƙage, kuncinta ya yi shaidar ƙarfe. Sanda ce ake bugawa a dokin ƙofar zaure, a hankali, irin bugun mai laluben hanya. Ta miƙe da sauri har ta ce "Ba..." kafin hankalinta ya dawo jikinta.

Gidan ba kowa, duk sun tafi unguwa. Ta yafa mayafi ta fita. Wani tsoho ne makaho a zaure, siriri, da ƙurar hanya a gefen rigarsa. Ya ce sunansa Malam Gambo, daga Gamawa. A layin asibitin ido suka saba da Alhaji Sidi, sai shekaranjiya labari ya iske shi, ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofa. Ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta kawo ruwa. Ya yi addu'a mai tsawo, ta yi ta amsawa da amin, ya kira mamacin da abokina sau uku, a na ukun muryarsa ta karye.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Ya yi alwala, ya miƙe, ya tsaya yana juya kai, yana jin kunyar abin da zai tambaya.

"'Yata, yi haƙuri. Ina ne?"

Zuwaira ta waiga wajen ɗakin, inda wayoyi ke baje a kan gado. Sannan ta taka zuwa bangon da aka haife ta tana ganin ana fuskanta, ta tsaya a gindinsa.

"Baba, juyo inda kake jin muryata."

Ya juyo, ya ɗan wuce.

"Ka dawo kaɗan. Yauwa. Nan ne."

"Allah ya yi miki albarka."

Ta matsa daga gabansa, ta koma bayansa ta zauna a bakin rijiya. Tsohon ya ɗaga hannuwa ya yi kabbara. Muryarsa ko kaɗan ba ta yi kama da ta Baba ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukanta a hankali, yadda ba zai ji ya rikice a karatu ba.